Gishiri a Bayan Maraƙi

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Nazifi ɗan ƙanwata ya ishe ni a bayan gida ina cire wa wata saniya kaska. Ya shigo da farar shadda da takalmi mai sheƙi, yana tafiya yana zaɓen inda zai sa ƙafa. Shekararsa huɗu yana sayar da wayoyi a Abuja, Allah ya buɗa mashi, shi ne ya ce yanzu kiwo zai shiga.

"Kawu, na gama tsara komi," in ji shi. "Saniya biyar zan saya, kowace da ɗanta a gindi. Ka ga ranar farko ina da kai goma ke nan. Ku kun zamna kuna rainon karsana shekara huɗu, tana ci ba ta kawo komi. Ai wannan tsohon yayi ne."

Na ce, "Madalla. Riƙe mani wutsiyar nan."

Ya dubi wutsiyar, ya dubi shaddarsa. "Kawu, bari dai in je in canza kaya."

"Bar shi," na ce. "Zamna can kan turmi."

Ba shi kaɗai ba ne. Duk shekara sai biyu ukku irinsa sun zo, kowa ya zaro waya ya nuna mani shanun wata ƙasa masu gindi kamar rumbu. Ni ban hana kowa kiwo ba. Amma duk wanda ya shiga kara, wato kasuwar shanu, a ƙasar Kankia ko Kusada ya tambayi Sale, za a ce mashi wane Sale? In ya ce Sale Gishiri, to kowa zai nuna mashi hanyar gidana a Mawashi. Sunan nan ba gadonsa na yi ba. Sayensa na yi, kuma na biya da tsada. Abin da na gaya wa Nazifi kan turmin nan shi zan rubuta, saboda na gaji da maimaitawa.

Aikin farko da aka ba ni a ruga ɗaure maruƙa ne. Ina ɗan shekara goma sha huɗu babanmu ya ga boko ya ƙi shiga, noma kuma ina yi ina ƙunƙuni, sai ya kama hannuna ya kai ni wajen Baffa Manu, wani Bafillatani da ke zamne gefen Yashe, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu da rani suna zuba mana taki. Akwai wata doguwar igiya da ake kira dangwali, an ja ta tsakanin turke biyu, da ƙananan madauki jere a jikinta, kowane maraƙi da nasa. Ni na ɗauka ɗauri ɗauri ne. Na kama su na zura wa kowa inda hannuna ya kai. Baffa ya zo ya tsaya ya duba, ya kwance su duka ya tafi abinsa. Sau ukku muna haka. Ashe kowane maraƙi da gurbinsa, manya can gefe, ƙanana nan, kuma su sun san wurinsu, ni ne ban sani ba. A na huɗu ya nuna wani da sanda ya ce, "Kaɗo, ɗan wace ce wannan?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To mi ka sani?"

Kaɗo, wato Bahaushe, yake ce mani har ya bar duniya, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Sanda, igiya, gora, malafa, lauje na yankan ciyawa, dabaibayi na ƙafar mai harbi, da komi na zuba dusa. Duk a rana ɗaya za ka haɗa su. Abin da ba a sayarwa shi ne ka shiga garke da safe ka san wace ce ba ta yi tuƙa ba, wace ce hancinta ya bushe, wace ce kashinta ya canza, wace ce ke neman bijimi. Wannan shekara shida na yi ina koyonsa, da sanda a gadon bayana rabin lokacin.

Ranar da Baffa ya fara zuwa kara da ni, na ga wata saniya na saki baki. Na ce, "Baffa, dubi waccan!" Bai ko juya sosai ba ya ce, "Mi ya kawo ta nan?" Na ce sayar da ita za a yi mana. Ya ce, "Kaɗo, mai shanu yana sayar da sa. Yana sayar da bijimi in ya tsufa. In yunwa ko biki ya matsa mashi, ya fitar da karsana, ransa na ƙuna. Amma saniya mai haihuwa lafiya lau, mai ba da nono? Ko ƙanensa ba zai sayar wa ba. In ka gan ta a kara, ko ta tsufa, ko ta daina ɗauka, ko tana ɓari, ko tana harbi, ko kuwa ta sata ce. Zaɓi ɗaya." Na haddace maganar nan kamar karatun allo. Ku riƙe wannan, don ku san ba rashin sani ne ya kashe ni ba.

Ladan kiwo a wancan lokaci maraƙi ne. Biyu na farko maza aka ba ni, babanmu ya sayar aka rufe ɗaki da kwano. Na ukku Baffa ya ba ni 'yar maraƙa, fara fat irin Bunaji, idonta zagaye da baƙi kamar an rambaɗa mata kwalli. Mai Kwalli muka sa mata. Daga nan na san abin da ake nufi da jira. Karsana sai ta sha dakashi, nonon farko, a ranar haihuwa, in ta rasa shi har abada ba ta cika. Sai ka bar mata nonon uwar da yawa, mata na harararka. Sai ka yaye ta, ta rame, ka bi ta da harawa da dusa. Rani ya zo ka tsinto mata 'ya'yan gawo, bazara ta zo, lokacin da ciyawa ta ƙare sabuwa ba ta fito ba, ka sayi angurya kana zagin kanka. Shekara ukku tana ci tana kallonka. Sannan a yi mata barbara, in ta ɗauka ka ƙara wata tara. Duk wannan gaskiya ne, Nazifi bai yi ƙarya ba. Abin da bai sani ba shi ne a ƙarshen shekara huɗun nan ka san uwarta, ka san kakarta, ka san ciwon da ta yi da wanda ba ta yi ba, ta san ruwan rijiyarka da kaskar dajinka. Ba wanda zai ba ka labarinta.

Haihuwarta ta farko da hantsi ta yi, cikin damina, ƙarƙashin wata tsamiya. Ta sauke ɗan, ta waiga ta gan shi yana motsi, sai ta zabura ta yi gefe tana huci kamar ta ga kura. Karsana kan yi haka, ba ta san mi ya fito daga jikinta ba. Na rikice. Baffa ya sa hannu a aljihu ya ɗebo gishiri, ya barbaɗa wa ɗan daga wuya har gindi, ya ce mu ja baya. Ta matso tana sunsuna, ta kai harshe sau ɗaya, ta ƙara, kafin a jima ta lashe shi tas, shi kuma ya miƙe yana tangaɗi ya kama nono. Da idona na ga wannan. Wannan ma ku riƙe shi.

Da na yi aure na dawo Mawashi da Mai Kwalli da 'ya'yanta, na kafa turakuna a bayan gida. Ni ba mai nono ba ne, nama nake kiwo. Mata su haihu, in ajiye matan, mazan in ciyar da su shekara biyu ukku in fitar. Masu sayena kala-kala ne. Mahautan Kankia, waɗanda za su latsa gindin sa da yatsa su ce ƙashi ne zalla, alhali yawunsu na zuba. Manoma masu neman shanun huɗa, su kuma kafaɗa da ƙafa suke dubawa. Mutum bakwai da suka haɗa kai za su yi layya, su zo su bakwai ɗin, kowa da ra'ayinsa, a wuni ba a gama ba. Da masu lodin tirela zuwa kudu, su ba ruwansu da surutu, su duba su ce nawa. Ban yi arziki ba, amma duk babbar Sallah ina da abin fitarwa.

Shekarar da abin ya faru ina da saniya biyar, duk da ciki, da karsana ukku, duk jinin Mai Kwalli. Bazarar ta yi tsawo, harawa ta yi wuya, karsanun nan ukku suna ci kamar ana korarsu. Ga wani maƙwabcina da ya samu kuɗi a kasuwancin hatsi, a wata ɗaya ya cika gidansa da shanu, ya wuce in ji yana cewa, "Malam Sale, har yanzu ana rainon 'yan matan?" Abin ya riƙa cina. Da ruwa ya sauka na ce na gaji. Ɗaya daga cikin ukkun, Guntuwa, ƙarama ce mai gajeren jiki, ba mai kallonta sau biyu, na riga na kai ta rugar Baffa don bijiminsa ya hau ta. Sauran biyun, masu kyan, na kora su kasuwa. Ban gaya wa Baffa ba. Ban gaya wa Indo matata ba. Wanda zai yi abin kirki ba ya ɓoyewa haka, amma a lokacin ban tsaya wannan tunanin ba.

Ba zan kama sunan kasuwar ba. Ina shiga wani dillali da ake kira Ɗan'asabe ya tare ni da hannu biyu.

"Sale na Baffa! Kaɗon da ya fi Fulani ido! Zo, zo, tun safe nake korar mutane daga kanta, na ce wannan sai wanda ya san shanu."

Jar saniya ce, doguwa, ƙaho kamar an zana, hantsa cike. Ga ɗan maraƙi ja a gefenta, tana lasarsa tun daga wuya har wutsiya, ba ta ko ɗaga kai.

"Dubi ƙauna," in ji Ɗan'asabe. "Kai ba sai an yi maka bayani ba."

Na buɗe bakinta na duba haƙora, ba ta tsufa ba. Na ja nono, ya fito. Har tambayar Baffa na yi. Na ce, "Mi ya kawo ta nan?"

"Mai ita kujerar Makka ta fito mashi, jibi zai biya. Yana can yana hawaye."

Na ga gwiwarta ta gaba ta kumbura kamar lemo. Ya ce wajen loda ta a mota ta durƙusa. Na ga ƙarƙashin wutsiyarta da danshi da ƙazanta. Ya ce ai sabuwar haihuwa ce. Na ce ɗan bai kama nono ba tun da na zo. Ya ce yanzun nan ya ƙoshi, ko so nake cikinsa ya fashe? Duk tambayar da na yi na samu amsa, kuma duk amsar daga bakin mai son sayarwa ta fito. Ga cibiyar maraƙin ta bushe tuni, har ƙaho ya fara tsiro mashi, ya kai wata biyu. Saniyar da ta haihu wata biyu ba ta zubar da ruwan haihuwa. Ɗan koyo na shekarar farko ya san wannan. Ni ina can ina kallon harshe, ana ce mani na fi Fulani ido.

Aka yi musaya, karsana biyu a bakin uwa da ɗa. Na koro su gida ina jin kaina kamar na tsallake shekara huɗu da ƙafa ɗaya.

Na ɗaure ta cikin shanuna, na saki ɗan a tsakar gida in sha ruwa. Kafin in ajiye moɗa awakin Indo sun yi mashi zobe. Akuya huɗu da tunkiya ɗaya, kowa na lasarsa, wata ta kunne, wata ta ciki, har suna ture juna. Indo ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya tana kallo.

"Malam, to wace ce uwar a cikinsu?"

Na ce ta shiga harkarta. Da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi ya wanke maraƙin tas. Washegari na kai shi gindin jar saniya. Ta sunsuna shi sau ɗaya, ta ɗauke kai, da ya kai baki ga nono ta ba shi ƙafa sai da ya wuntsila. Awaki ma ba wadda ta ƙara kallonsa. Na zamna kan turmin nan da Nazifi ya zamna, na tuna tsamiya, na tuna hannun Baffa a aljihu.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya ce kawai. Kwana takwas ina ɓoye maganar, jar saniya na ci a komi ɗaya da shanuna, suna sunsunarta suna lasarta yadda shanu ke yi wa baƙuwa. A na tara Baffa ya zo, labari ya kai mashi. Ya tsaya a bakin ƙofar baya, ya ƙi shigowa. Ya dubi maraƙin ya nuna shi da sanda.

"Kaɗo, ɗan wace ce wannan?"



Ya dubi gwiwar saniyar, ya dubi wutsiyarta, ya dubi biyar ɗina masu ciki. Ya ce, "Bakkale." Wato ciwon da ke sa shanu ɓari, kumburin gwiwa na cikin alamunsa. Nata ɗan ta zubar, nono ya zo, aka nemo maraya aka shafa mashi gishiri aka tsayar a gefenta. Kuma ta wannan ruwan da ke zuba daga jikinta ciwon ke bin sauran.

"Raba ta da su yanzu," ya ce, "ko da yake ka makara. Guntuwa kuma ba za ta dawo gidan nan ba."

"Baffa, tawa ce fa."

"Taka ce. Je ka kai ƙarata wajen mai gari. Kuma aradu in ka tako rugata da takalman nan sai na karya maka ƙafa."

Na ji haushi ƙwarai. Ina da mata da 'ya'ya, a tsaya a ƙofar gidana a riƙe mani dabba. Amma na san Guntuwa ce kaɗai ta rage a jinin Mai Kwalli da ba ta shaƙi jar saniya ba. In ta tafi, shekara goma sha ukku sun tafi.

Ta farko ta zubar ana fara yankan gero. Na fito da safe na ishe ɗan a bayan turke, wata bakwai, gashi bai gama fitowa ba, mabiyiya kuma ta ƙi faɗuwa sai wari. Bayan sati biyu ta biyu. Na ɗauko malamin dabbobi daga Kankia a bayan mashin, ya ɗebi jininsu ya tafi, ya dawo ya ce duka suna da shi. Na ce a yi allura ko nawa ce. Ya ce babu allurar da za ta fitar da shi daga jikinsu, ko sun haihu gaba suna ɗauke da shi suna rabawa. Ya ce in sa leda a hannu in haƙa rami mai zurfi in binne duk abin da suka zubar, kuma kada kowa a gidan ya ƙara shan nonon da ba a tafasa ba, don yana kama mutum. Huɗu suka zubar. Ɗaya ta haihu, ɗan ya kwana ukku ya bi sauran. Mai Kwalli ce ta ƙarshe, ita da ba ta taɓa ɓari ba tunda take.

Ana cikin haka na yi Yashe, da niyyar in karɓo Guntuwa in sayar in sayi wata mai ciki in cike gurbi. Ku ji fa, wata kuma. Wanda ya ƙone bai cika yin hankali a ranar ba. Na tsaya a tsallaken burtali, hanyar shanu, tunda an hana ni shiga, na ɗaga murya.

"Baffa! Tana lafiya?"

"Ta fi ka lafiya!"

"Ta ɗauka?"

"Ba ruwanka!"

"Sayar da ita zan yi!"

"Sayar da hularka!"

Matan ruga suna ta dariya a bayan bukka. Na juyo gida.

Ban daɗe da dawowa ba sai ga Ɗan'asabe da kansa, ya yi sallama a zaure kamar ba shi ba. Ya ce wallahi shi ma haka aka kawo mashi jar saniyar. Ya jajanta. Sannan ya matso ya rage murya.

"Sale, kada ka yi asara biyu. Shanun nan naka yanzu duk suna da nono. Ni kuma ina da marayu huɗu a hannu. Mu kai su kasuwa mai nisa, inda ba a san ka ba. Sauran aikin ka san shi."

Ba zan ce maku ni waliyyi ba ne. Na tsaya ina juya maganar a raina, kuma ba tasbihi nake ba. Sai muryar Indo daga bayan katanga.

"Malam, gishirin miya za a kawo, ko na lasa?"

Na tashi na ɗauko wa Ɗan'asabe takalmansa na miƙa mashi a hannu. Na ce in na ƙara ganinsa a unguwar nan, da dabaibayi zan ɗaure shi.

Mahauta na kira, na gaya masu gaskiyar abin da ke jikinsu da yadda malamin ya ce a kiyaye wajen fiɗa, suka saya yadda mahauci ke saye in ya san ba ka da mafita. Shida suka tafi, har da jar. Ranar Mai Kwalli na miƙa igiyar a ƙofa na ɗauki lauje na yi gona. Maraƙin nan maraya Indo ta raine shi da kunu, aka dandaƙe shi, ya girma shi kaɗai a wani lungu, daga baya masu layya suka saya. Shi ne kawai abin da na ci a cinikin.

Na tumɓuke turaku na ƙone, na ƙone igiyoyi, na kankare ƙasar wurin na kwashe, na bar fili rana ta gasa shi rani guda. Abin da yara ba su ganewa shi ne shekarar da ba a haihu ba, ba a ranar kake jin ta ba. Sai bayan shekara biyu ukku, Sallah ta zo, masu layya su bakwai su yi sallama, ka fito ba ka da abin nunawa. Su tafi wani gida, kuma ba lalle su dawo ba. A tsakanin nan 'yan bijimai na riƙa saye ina turkewa wata huɗu in fitar, don a ci tuwo. Sayen namiji ba laifi, nama ne, ya zo ya tafi. Uwar garke ce ba a saye daga hannun wanda ba ka sani ba.

Shekara guda cur, ruwan farko ya sauka, muna zamne a ƙofar gida da maƙwabta bayan la'asar, sai ga Baffa da sandarsa a kafaɗa. Guntuwa na bayansa, ta yi ƙiba har ban gane ta ba. A gefenta 'yar maraƙa, fara fat, ido zagaye da baƙi. Na miƙe na kai hannu ga igiya. Ya janye.

"Tsaya, Kaɗo. Kai mai ido ne, kada a cuce ka. Shafa bayanta."

Na ce, "Haba Baffa, gaban mutane?"

"Shafa."

Na shafa.

"Lasa."

Na lasa.

"Mi ka ji?"

Na ce, "Ƙura da gashi."

"To uwarta ce," ya ce, ya sakar mani igiyar.

Har da mai hatsin nan a wurin, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kafin kasuwa ta zagayo sunan ya riga ni isa kara. Kusan duk abin da ke bayan gidana yau, har wadda nake cire wa kaska, daga Guntuwa ya fito, wadda ba mai kallonta sau biyu. Tun daga ranar ban ƙara sayen saniya ba. In garke na son sabon jini, bijimi nake nema, ko in je ruga wajen 'ya'yan Baffa in ga karsana, in ga uwarta tsaye, in ga kakarta, kuma ko ita sai ta yi wata guda a turke daban kafin ta sunsuni shanuna.

Da na kai nan wayar Nazifi ta yi ƙara sau biyu bai ɗauka ba.

"To Kawu, shekara huɗun dai ke nan?"

Na ce, "Karsana biyu daga Yashe, in sun yarda su sayar maka. Sauran kuɗin ka sayi bijimai ka turke, ka riƙa ganin motsi kada zuciyarka ta kai ka inda tawa ta kai ni. Shekara huɗun kuwa, ko ka saya ko ba ka saya ba za su wuce."

Ya tashi daga kan turmi. Na ɗauka tafiya zai yi. Sai na ga ya naɗe hannun shaddar nan har gwiwar hannu, ya zagayo ya kama wutsiyar ya ɗaga. Saniyar kuwa ta yi abin da shanu ke yi in an ɗaga masu wutsiya, daga gaban rigar har takalmi mai sheƙi.

Ya runtse ido, amma bai saki ba.

Na ce, "Riƙe da kyau, saura kaska ukku."